Gwankin da Aka Binne

Ranar da Cindo ya daina zama maharbi Talata ce, a tsakiyar bazara. Ba wanda ya ƙwace masa baka, ba dabbar da ta karya masa hannu. Da ƙafarsa ya shiga daji, da ƙafarsa ya fito.

Ya tashi tun ladan bai yi gyaran murya ba. Tun rasuwar matarsa ba mai hura masa wuta da sassafe, saboda haka a tsaye ya shanye ragowar furar jiya, wadda ta fara tsami. Ya ɗaura walki, ya zura 'yar shararsa mai layu, ya rataya kwari da gorar ruwa, ya saɓa gatari, ya cusa burtunsa na farauta a burgami, jakarsa ta fata. Bindigarsa ta harba-ka-ruga ya bar ta jingine a bayan ƙofa, don an gaya masa yau ba kisa za a je yi ba. Wuƙar yanka kuwa ya soke ta a ƙugu bai ma san ya yi ba, kamar yadda mutum ke sa hula.

Ƙauyensu, Zangon Maje, a bakin gandun dajin hukuma yake. Hukumar ta hana farauta a ciki tun Cindo na da baƙin gashi, daga baya kuma ta dawo tana kiran maharba su nuna mata inda namun da ta hana su harbi suke kwana. Cindo bai taɓa tsayawa yin dariyar wannan ba. Aiki ne, kuma yana mayar da shi daji.

Abin da ya sa aka neme shi a wannan karon gwanki ne. Garke ɗaya tak ya rage a wannan gefen kogi, mata manya da ƙanana, sai babban namiji guda. Shi wannan namijin ya sa ƙafa a tarkon waya, irin wanda masu farautar sata ke haɗawa da wayar birkin babur. Ya tsinke ta daga jikin itace, ya tafi da zoben a ƙafarsa ta baya, kullum tana ƙara nutsewa cikin nama. Masu gadin gandu sun hango shi yana ɗingishi. In ya mutu garken ya ƙare, ko da matan za su yi shekaru suna yawo kafin abin ya bayyana. Don haka aka aiko da likitar dabbobi daga gidan namun daji na birni, ta sa shi barci, ta cire wayar, ta tashe shi. Aikin Cindo shi ne ya kai ta gare shi da rai, a bar shi da rai.

A ƙofar gandu ya same su, fitilar mota na haska ƙasa. Dakta Hindatu siririyar mace ce, sanye da doguwar riga ruwan ƙasa da takalmin soja, ta ɗaure kallabinta tamau. Tare da ita akwai Mudi, mai gadin gandu, ƙato mai yawan surutu, rataye da bindigar hukuma, riƙe da akwatin magani.

"Baba, ina kwana? Mun tashe ka da wuri," in ji ta.

"Lafiya lau, Likita. Ba ku kuka tashe ni ba, tsufa ya riga ku."

Ta buɗe wata doguwar jaka ta nuna masa bindigar allura. Ba ta cin albarushi, in an harba ta ba ta ƙara, sai dai tari. Allurar kuwa kamar gajeriyar kibiya take, da jan tuntu a gindi.

"Ka saurare ni da kyau, Baba, don kai ka fi mu sanin hanya, wataƙila ka riga mu kaiwa. In allurar ta shige shi zai ruga, ya ɗan yi nisa, sannan ya faɗi. Barci ne, ba mutuwa ba. Idonsa a buɗe zai kasance, harshe a waje, kada abin ya dame ka. Wanda ya fara isa ya rufe masa ido, ya kwantar da shi a kan ƙirjinsa, kada ya bar shi a kan haƙarƙari. In na gama da ƙafar, ga makari nan, ina soka masa zai miƙe."

Cindo ya gyaɗa kai. Ya ji kowace kalma. Daga baya, lokacin da ya yi ta lalube yana neman abin kare kansa, bai taɓa iya cewa ba a gaya masa ba.

"Likita," Mudi ya sa baki, "in allurar ta yi saura ki taimaka min da ita. Surukata ta zo mana yini, ga shi har an ga sabon wata."

"Ɗigon wannan in ya shiga jinin mutum, sai dai a yi masa salla, Mudi."

"To ai ba ni zan sha ba, ranki ya daɗe."

"Kai, ka bar bakin nan naka a mota," in ji Cindo. "In mun dawo ka ɗauka."

Suka bar motar inda hanya ta ƙare, suka yi sallar asuba a kan yashin wani busasshen rafi, suka nausa. Gari na wayewa zafi na tasowa daga ƙasa, kamar ba a yi dare ba. Gamba ta bushe ta yi fari fat, marke ya zubar da ganye, sai maje ne kaɗai ya fitar da sabon tofo ja. Fakara na ta kiran juna a cikin sabara. Can a kan wani dutse gwaggon biri ya yi haushi, ya sanar da daji an yi baƙi.

A bakin wani gurbi da ya rage da koren ruwa a cikin rafin, Cindo ya tsuguna. Kowa ya zo ya sha a nan: ga sawun gadu, ga na mazo, ga faffaɗan kofaton ɓauna, ga tafin kura a kan duka. A gefe guda kuma ga na gwanki, dogo mai tsini a gaba. Ƙafa uku sun taka laka sosai, ta huɗun bakin kofato kawai ta dangwala, kuma a bayanta akwai siririn layi kamar an ja tsinke. Wutsiyar wayar ce.

Ya bi layin har kan gaɓa. Ya tsinci ƙwayar kashi ya murƙushe, cikinta da ɗanshi. A jikin wata ciyawa mugunya ta shafu, koren ƙuda ya yi mata rumfa.

"Bai yi nisa ba," ya ce a hankali. "Ya rabu da matan. Ba ya iya bin su."

Suka bi layin wayar har hantsi ya ɗaga, ta cikin geza, ta kan fako inda sai ya kwantar da kai ya dubi ƙasa a karkace kafin ya ga ƙarzar ƙarfe. Ƙudan tsando ya yi ta cizonsu ta cikin riga. Likita ba ta nemi a huta ba. Cindo ya lura da wannan, ya ajiye a ransa.

A gindin wata tsamiya da ta tsiro a kan suri suka hango shi. Ko a rame gwanki gwanki ne: tsayin doki, jiki ja-ja-ja mai toka, geza a tsaye bisa wuya, fuska baƙa da fari kamar an zana, dogayen kunnuwa masu tuntu, ƙahoni masu gaɓa-gaɓa sun lanƙwashe baya. Amma ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ƙafar kuma ta kumbura ta yi kamar taɓarya, ya ɗage ta yana rawa da ita saboda ƙuda.

Cindo ya ɗebi ƙasa ya sake ta tsakanin yatsu. Iska daga wajen gwankin take zuwa. Sai dai tsakaninsu fili ne, ciyawa iya gwiwa, bindigar allura kuwa ba ta cin nisa. Ya zaro burtun daga burgami, kan tsuntsun nan mai dogon baki da jan maƙoshi wanda maharbi ke ɗaurawa a goshi ya rarrafa yana sassarar ƙasa, namun daji su ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Ya miƙa mata.

"Ki sunkuya, Likita. Ki sara hagu, ki sara dama, ki tsaya. Kada ki nufe shi kai tsaye, burtu ba ya da alƙawari da kowa."

Ya ɗaura mata a kan kallabi. Mudi ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na girgiza.

"In 'yan ofishinku suka gan ki haka, ranki ya daɗe..."

"Ka gaya wa wani, da kai zan fara," ta raɗa masa.

Ta rarrafa, bindiga a ƙarƙashin ciki. Cindo ya ga baƙin kan tsuntsun na sama na ƙasa a cikin ciyawa, ya ga ta fi 'ya'yan maharba da yawa da ya sani. Gwankin ya ɗago, ya miƙa kunnuwa, ya dube ta, ya mayar da kai. Sai tarin bindigar, fut. Jan tuntu ya manne a cinya.

Gwankin ya yi tsalle kamar an zuba masa garwashi, ya hura hanci, ya zuba a guje da ƙafa uku, ya nufi kurmin da ya bi bakin rafi.

"Kada ya ɓace mana!" Likita ta miƙe tana fizge burtun. "In ya faɗi ba ma kusa, rana za ta dafa shi!"

Suka bi shi da gudu. Nan ne Cindo ya yi kuskurensa na farko, ƙaramin: idonsa na kan sawun gwanki, ya manta da faffaɗan kofaton da ya gani da safe. Sun shiga duhun kurmi, ƙarƙashin ɓaure da igiyoyi, sai carki, tsuntsayen nan masu bin shanu, suka tashi fir daga cikin wata laka suna ƙara. Wari irin na shanu ya doke shi. Abin da ya ɗauka baƙin dutse ne ya miƙe.

"Ɓauna! Ku hau!"

Tsohon namiji ne da garke ya kora, laka ta bushe masa a gadon baya, kunne ɗaya a yage. Bai yi gargaɗi ba. Ya sunkuyar da kai ya taho, ƙasa na amsawa. Mudi ya dafe wani reshen ɓaure da akwatin da komai, ya janyo Likita ta hannu, takalminta na karce ɓawo. Cindo ba shi da itace kusa. Ya tsaya har ya ga jan idon, sannan ya faɗa bayan wani suri. Ƙahon ya kama igiyar kwarinsa ya tsinke ta, kibau suka watse, gefen surin ya rushe masa a ka. Ya mirgina cikin ƙaya, ya gangara cikin rafin, ya lafe.

Ɓaunan ya juya, ya rasa shi, ya koma gindin ɓauren. Ya tunkuyi itacen har 'ya'yansa suka zubo, sannan ya tsaya a ƙasa yana huci, da alamar wanda ba shi da wani wurin zuwa.

"Baba!" muryar Likita ta zo daga cikin ganye. "Kana da rai?"

"Ina nan."

"Ka bi gwankin! Ka rufe masa ido, ka kwantar da shi a kan ƙirji! Muna zuwa!"

Ya bi ta cikin rafin a sunkuye, ya haura inda sawun ya haura. Sawun ya fara magagi: ya yi hagu, ya yi dama, ya zagaya wani ƙargo ba dalili. Sai ga shi a tsakiyar wani fako, ba inuwa ko ta kara, kwance a kan haƙarƙarinsa, rana a tsaye a kansa.

A faɗi gaskiya a kan Cindo: duk abin da aka ce ya yi, ya yi. Ya tuɓe 'yar shararsa ya rufe wa gwankin ido. Ya kama ƙaho ya ja, ya sa kafaɗa a gadon bayansa ya tura, yana son ya ɗora shi a kan ƙirji. Ya ɗago shi rabi, ƙafarsa ta zame, naman ya koma yif. Ya sake, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke, ya sake komawa. Aikin ƙarti ne, shi kuwa tsoho ne guda ɗaya. Ya sari rassan ƙargo da gatari ya kakkafa masa inuwa. Ya juye masa ruwan gorarsa a wuya da bayan kunne, bai rage wa kansa ko kurɓi ba.

Sannan ya tsuguna yana kallon haƙarƙarin. Ya ɗaga, ya sauka. Shiru. Ya ɗaga, ya sauka. Shirun ya fi na baya tsawo. Cikin ya fara kumbura kamar ganga, kumfa na fita ta gefen baki, harshe ya yi toka-toka a cikin ƙasa. Daga kurmi ya ji ƙarar bindigar Mudi, an harba sama don korar ɓauna, sannan ya ji itace ya sake amsa tunkuyi. Ya sa yatsu a baki ya yi fito. Ba amsa. Inuwa ta gilma a kan fakon, ya ɗaga kai, ungulu sun fara kewaye.

Haƙarƙarin ya sauka, bai ɗago ba.

Cindo ya sa bayan hannunsa a ƙofar hancin. Ba komai. Ya tsinko furen ciyawa ya riƙe a wurin, bai motsa ba. Ya karanta Fatiha a zuci, ya ƙara da abin da ya sawwaƙa. Ya ɗaga rigar ya dubi idon, a buɗe, a bushe, ƙuda ya sauka a kai bai ƙifta ba. Ƙafar gaba ta yi wata 'yar karkarwa.

Ya san wannan karkarwar. Ya gan ta a jikin barewa, ya gan ta a jikin kanki, tun yana bin mahaifinsa da gora. Malaman fiƙihu sun cika shafuka a kan ɗan tsakanin nan, tsakanin rai da fitarsa. Cindo bai karanta ko ɗaya ba. Mahaifinsa ne ya rubuta masa hukuncin a gadon baya da tsumagiya, ranar da ya bar wata gada ta mutu a gabansa yana fama da kube. A wajen maharbi ba abin kunyar da ya kai ya tsaya kan dabba tana fitar da rai ya bar ta ta zama mushe. Likita ta ce barci ne. Amma Likita ta ce a kan ƙirji, shi kuwa ya kasa. Likita ba ta ga wannan cikin ba, ba ta ga wannan harshen ba. Likita na kan itace.

Ya juya kan gwankin ya fuskanci alƙibla, ya taka ƙaho da ƙafa, ya shafa maƙogwaro.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Wuƙar ta keta fata. Fata kawai. A daidai nan haƙarƙarin ya ɗago, dogo, cikakke, iska mai ɗumi ta fito ta hancin ta bugi wuyan hannunsa.

Yana iya tsayawa. Ya yi ta auna abin daga baya, kuma kullum amsar ɗaya ce: yana iya tsayawa, raunin bai fi a ɗinke ba. Amma wanda ya koya masa kada ya bar mushe, shi ya koya masa ba a ɗaga wuƙa a tsakiyar yanka, in ka ɗaga ka ɓata. Hannun ya riga ya tafi, kuma hannu ne da bai taɓa ɗagawa ba. Kafin kansa ya gama jin ɗumin nan, wuƙar ta kai ƙashi.

Jini ya yi tsartuwa har kan ganyen ƙargon, mai ƙarfi, ja wur, irin na lafiyayyen rago. Ƙafafun suka yi ta shuri, har da mai wayar. Sannan suka daina.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Ya dai ji karyewar kara a bayansa. Ashe ɓaunan ya gaji ya tafi. Likita ce ta fito daga kurmi tana ɗingishi, kallabi ya zame, kumatu a karce, hannunta a sama riƙe da allurar makari wadda ta riga ta cika tun a kan itace don kada a ɓata lokaci. Mudi na biye da akwati.

Ta tsaya. Hannun ya sauko a hankali.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mudi. 

Ta zo ta durƙusa cikin jinin. Ta ga rigar a kan ido, ta ga rassan inuwa, ta ga ƙasar da aka turmusa wajen ƙoƙarin ɗagawa. Ta ɗaga leɓen ta dubi dasashi, ta danna cikin. Ta yi tambayar ba tare da ta dubi Cindo ba.

"Baba, ya daina numfashi ne?"

"Ya daina."

"Da jimawa?"

"Da jimawa."

Ba ƙarya ya yi ba. Wannan ne muninta. Kowace amsa gaskiya ce, an dai yanke ta kafin ta ƙare.

Ta dubi jinin da ya fantsama har ganye, ta daɗe tana dubansa. Sai ta gyaɗa kai. "Zuciya takan ci gaba da bugawa bayan numfashi ya tsaya," ta ce, kamar tana karanta wa kanta. Ita da kanta ta zaro masa mafita daga cikin karatunta ta miƙa masa. Ta zauna daɓas a ƙasa. "To ni ce. Na haɗa maganin ne da ƙiyasin lafiyayyen namiji. Na gan shi, na ga yadda ya rame, na ga zafin rana. Ya kamata in koma in rage. Na ji tsoron kada ya tashi kafin in gama, na harba."

"Likita..." Cindo ya fara.

"Kada ka ba ni haƙuri, Baba. Kai ka yi abin da ka iya. Har inuwa ka yi masa."

Cindo ya goge wuƙarsa ya mayar da ita kube.

Mudi ya yi gyaran murya. "To, tunda dai Baba ya samu ya yanka, ya halatta. Ba a yi asara duka ba. Mutanen Zango sun daɗe ba su..."

"Ba mai taɓa naman nan," ta katse shi. "Maganin na cikin jininsa. Wanda ya ci, sai wani ikon Allah. Ko kura ba za ta ci ba, ko ungulu. Binne shi za a yi, da zurfi. Ba za mu sa wuta a dajin nan da bazara ba."

Haka Cindo ya ji cewa yankan da ya yi don kada nama ya tozarta bai ceci ko tsoka ɗaya ba.

Kafin su ja shi, ta buɗe akwati ta ɗauko almakashin ƙarfe. Ba wanda ya tambaye ta amfanin hakan. Ta tsaga kumburin, ta lalubo wayar, ta datse ta, ta zare ta a hankali kamar mai tsoron kada ya ji zafi. Ta sa yatsa cikin raunin ta taɓa.

"Ba ta kai ƙashi ba," ta ce. "Da ya warke."

Suka ja shi da igiya zuwa cikin rafin, inda ƙasa ke da taushi. Cindo ya yi haƙa da gatari da hannuwa har la'asar ta yi sanyi. Mudi ya ce zai karɓe shi, ya ƙi. Ungulu suka jeru a kan marke suna kallon maharbi yana yi wa nama kabari. Suka tura shi ciki da ƙahoninsa, suka mayar da yashi, suka jibga duwatsu da farar ƙaya. A hanyar komawa Cindo ya wuce ta inda kibansa suka watse, bai sunkuya ba.

Sauran abin ya tafi yadda irinsa ke tafiya. Wasu manya da ba su taɓa jin cizon tsando ba suka zauna a ɗaki mai sanyi, Dakta Hindatu ta tsaya a gabansu ta ce laifinta ne, su kuwa suka ji daɗin samun mai laifin da ta kawo kanta. Aka karɓe bindigar allura aka kulle. Da damina ta faɗi masu waya suka dawo. Mudi ya ga kanki da zobe a wuya, ya ga mazo na jan ƙafa, ya kai labari, aka ce an ji. Ba wanda ya zo. Matan gwankin suka ci gaba da sauka gurbi su sha ruwa, kowace shekara babu sawun ɗan ƙarami ko ɗaya a bayansu.

A Zangon Maje kuwa labarin ya yi daɗi a baki. A dandali ana cewa likitar birni ta zo da karatunta ta kashe gwanki, Cindo ya yi ta fama shi kaɗai ya cece shi, har rigarsa ya tuɓe. Suna faɗa yana zaune a cikinsu, suna dafa masa kafaɗa. Da layya ta zo ya kira maƙwabcinsa ya yanka masa ragonsa, ya ce hannunsa ke ciwo. Aka yi masa sannu.

Sau ɗaya ya shiga motar birni. Ya sauka a ƙofar gidan namun daji, ya wuce tsohon zaki mai barci a kan siminti, ya wuce birai masu miƙo hannu, yana maimaita maganar a ransa kada ta kuɓuce. Ya same ta a bayan wani shinge, ƙarti sun danne wata barewa da hannu tana ɗinke mata cinya, barewar na kuka, ba allurar barci. Ta ɗago ta gan shi, fuskarta ta washe.

"Lale, Baba! Kai ne a garinmu? Ku kawo masa kujera!" Ta juya ga ma'aikatan. "Wannan ne Baban da nake ba ku labari, wanda ya yi wa gwankina inuwa. Ku gaishe shi da kyau."

Suka gaishe shi da kyau. Aka kawo masa ruwan sanyi. Ta wanke hannu ta zo ta tsuguna a gabansa kamar 'ya, ta tambayi Mudi, ta tambayi surukar, ta tambayi matan gwankin. Ya ce suna nan.

"Likita, wata magana ce ta kawo ni."

"To, Baba, ina ji."

Sai wani ya taho a guje, jimina ta haɗiyi wani abu tana shaƙewa. Ta miƙe. "Ka jira ni, Baba, yanzu zan dawo. Kada ka tafi."

Ya jira. Inuwar shingen ta tashi daga ƙafarsa ta haye bango. Mai gadi ya fara kaɗa ƙararrawar rufe ƙofa, motar ƙarshe ta Zango kuma ba ta jiran kowa. Yana iya kwana a tasha ya dawo da safe, wannan ma ya sani. Ya ajiye kofin a kan kujerar, ya fita. Bayan kaka Mudi ya gaya masa ta ajiye aikin, ta bi mijinta wata jiha mai nisa, an ce kaji take dubawa yanzu.

Maganar ba ta da tsawo. Da ya faɗe ta a bakin ramin nan, ko a kan kujerar nan, da ba ta ɗauke shi tsawon shan ruwa ba.

Likita, ba maganinki ba ne. Ya yi numfashi.